'YAN MATA, A KULA DA ZUCIYAR INNA

Duk mai karatun littattafanmu na soyayya ta saba da wannan: a yi wa yarinya auren dole, ta yanke jiki ta faɗi, likita ya ce ciwon zuciya ne. To a zahiri wadda ciwon nan ya fi hari ba budurwar ba ce, mahaifiyarta ce. Bari in gaya muku dalili.

Akwai wani sinadari mai suna istirojin da mazaunin ƙwan mace ke fitarwa da yawa tun daga balaga. Shi ke fito da ƙirji, ya taimaka wajen daidaita al'ada. Amma fa aikinsa bai tsaya nan ba. Ita zuciya, duk da ita ke harba jini, tana da nata jijiyoyin da ke ciyar da ita. Istirojin kan sa jijiyoyin nan su saki jiki su buɗe, jini ya wuce salin-alin. Yana kuma rage mugun kitsen da ke liƙewa a bangonsu. Wannan na cikin dalilan da suka sa toshewar jijiyar zuciya kan riga kama maza, sai bayan kamar shekara 7 zuwa 10 ta cim ma mata.

To da zarar al'ada ta ɗauke, yawanci tsakanin shekara 45 da 55, sai sinadarin ya ja baya, garkuwar ta yi rauni. Kai, har ciwon zuciyar baƙin ciki ma akwai shi da gaske. Likitocin Japan suka fara bayaninsa a 1990, suka kira shi takotsubo, sunan wata tukunyar masunta, don zuciyar kan kumbura ta yi kama da ita. Kusan 9 cikin 10 na masu kamuwa mata ne, galibi waɗanda al'adarsu ta ɗauke.

Kada wata ta ce to bari a sayo wa Inna ƙwayar istirojin a kemis. A'a wallahi! A Amurka an gwada ba mata sama da 16,000 shi haɗe da wani sinadarin, wasu na gaske wasu na bogi, aka tsayar da gwajin a 2002 saboda ƙaruwar sankarar mama, shanyewar ɓarin jiki, daskarewar jini da ciwon zuciyar kansa. Wannan sai da likita.

Abin da ke hannunmu shi ne lura. Mace ba lallai ta dafe ƙirji ba. Wata haki za ta yi, ko tashin zuciya, ko ciwon baya da muƙamuƙi, ko gajiya marar dalili. In kin ga haka kada ki tsaya jiƙe-jiƙe, a tafi asibiti. Ki riƙa raka ta awon hawan jini, ki rage gishiri da mai a girki, sannan uwa-uba ki daina ɓata mata rai.

Allah Ya bar mana iyayenmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.