Muturu da Rundunar da ke Cikin Jininsa

Duk wanda ya saba da ganin bunaji da rahaji, masu tozo da dogon ƙaho, in ya yi kudu ya tarar da muturu a kurmi, gajere, ba tozo, wanda da ƙyar tsayinsa ke kai mita guda, lalle zai yi masa kallon raini. Alhali kuwa a ƙasar da ƙudan tsando ya hana manyan shanu zama, wannan ɗan sa yana kiwonsa lafiya lau, tamkar ɗan'uwansa ndama na tsaunukan Futa Jallo.

Asalin al'amarin shi ne, tsando in ya ciji dabba yakan zuba mata ƙwayar cutar sammore, halitta mai wutsiya wadda ido ba ya riskarta sai da madubin likita, wadda wani masani mai suna David Bruce ya gano cikin jinin shanu a ƙasar Zulu wajen 1895. Da shigarta sai fararen ƙwayoyin jini su yi shirin yaƙi: waɗansu su ƙera sinadarin garkuwa daidai da rigar da baƙuwar ke sanye da ita, ya manne mata ya zama shaida, sa'an nan waɗansu manya da ke tsaron hanta da saifa su gane ta, su haɗiye. Amma ita ma'abuciyar makirci ce, domin kafin a gama da ita kaɗan daga cikin zuriyarta sun sake riga, sun hayayyafa. Kiɗa ya sake, tilas rawa ta sake, jiki ya koma ƙera sabon makami.

A cikin wannan doguwar fafatawa bunaji ke galabaita, saboda masu tsaron nan sukan haɗa har da jajayen ƙwayoyin jininsa su cinye, jini ya ƙaranta, ya rame, gashi ya tashi. Shi kuwa muturu, bisa hikimar Maɗaukakin Sarki, yakan danne yawan ƙwayar, ya kuma riƙe jininsa, muddin yunwa da wahala ba su raunana shi ba.

Makiyaya na yi wa saniya kirari da nagge daɗi goma. A ganina muturu ya zo da na goma sha ɗaya, wato juriya. Wajibi ne a kiyaye irinsa kada barbara da manyan shanu ta shafe shi, gama baiwar da ke cikin jininsa ba a sayenta a kasuwa.