Ƙwannafi da Ƙabar Tumbi

Ya kai maigida, sau da yawa mutum kan zo disfensare ya dafa ƙirjinsa ya ce wuta ke ci a nan, kuma in ya kwanta da dare ruwa mai tsami kan taso masa har maƙogwaro. Wannan shi ne ƙwannafi. In jifa-jifa ne ba kome. Amma in ya zama na kullum, to, akwai dalili, kuma ya kamata ka san shi.

Yadda abin yake

Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya ga wani tantani mai nama wanda ya raba ƙirji da ciki. Mutum ma yana da shi. A jikin tantanin nan akwai ƙofa ƙarama, ta nan hanyar abinci ta bi ta sauka cikin tumbi. Tumbi kuwa yana da ruwa mai tsami ƙwarai don narkar da abinci. Idan ƙofar nan ta saki ta yi faɗi, sai kan tumbi ya kutsa ta cikinta ya hau ƙirji, ruwan tsamin ya riƙa komowa sama yana ƙona hanyar abinci. Wannan ita ce ƙabar tumbi. Ba a ganin kumburinta a waje kamar ta mara, don a ɓoye take. Ta fi kama wanda ya haura shekara 50, da mai teɓa, da mai tsohon tari, da mai yawan ɗaukar kaya masu nauyi.

Akwai ɗan'uwanta, watau gyambon ciki. Yawancinsa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitoci biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a Ostareliya a 1982. Yawan shan maganin ciwon jiki irin su asfirin da diclofenac shi ma yana kawo shi.

Abin da za ka yi a gida

1. Ka ci abinci kaɗan-kaɗan, kada ka cika ciki da tuwo lokaci guda.
2. Kada ka kwanta sai abinci ya yi awa 3 a cikinka.
3. Ka ɗaga gado ta wajen kai da tubali, kamar inci 6 zuwa 8.
4. Ka bar taba, ka rage goro da yaji da abinci mai maiƙo.
5. Kada ka ɗaure tsakiyarka tam da ɗamara bayan cin abinci.

Kanwa takan kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma ba ta rufe ƙofar da ta buɗe, ba ta kuwa kashe ƙwayar cuta. Tsagar wanzami a fata take tsayawa, ciwon kuwa yana can ciki.

Alamun da ba a kwana da su

Ka tafi asibiti nan da nan in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: abinci yana tsayawa a ƙirji ba ya wucewa, aman jini, bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, rama ba dalili, ciki ya yi tauri kamar katako, ko ciwo mai tsanani da yunƙurin amai amma ba abin da ke fita. Ciwon ƙirji mai nauyi da zufa, wanda ke sauka hannun hagu, wataƙila zuciya ce, shi ma kada a jira.

An taɓa kawo mini wani manomi a amalanke. Shekara biyu yana jiƙa kanwa, yana sayen ƙwayoyi a kasuwa. Mako guda yana ganin baƙin bayan gida bai gaya wa kowa ba don kunya, har idonsa ya yi fari fat. Sai da aka ƙara masa jini a babban asibiti kana ya tashi, kuma sai da ya sayar da sa guda. Da ya zo da wuri, da maganin kwana 14 ya ishe shi.

Ku mutanen Anka da Bukkuyum, ga wani gargaɗi. Kun tuna 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma saboda niƙan dutsen zinariya cikin gida. Dalma tana sa murɗar ciki da taurin bayan gida ko ga babba. In kana aikin dutse, lalle ka gaya wa likita, don a auna jininka.

Yadda likita ke ganewa

Ka fara da babban asibitin Anka, ko na Gummi, ko na Bukkuyum. In likita ya ga da bukata zai ba ka takarda zuwa asibitin Gwamnatin Tarayya na Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Hanyar dubawa biyu ce. Ko dai a ba ka wani farin ruwa mai kauri kamar kunu ka sha a ɗauki hoton ƙirji, ko kuwa a zura siririn bututu mai fitila ta baki, likita ya ga ciki da idonsa. Za a ce ka kwana ba ka ci kome ba. Kada ka ji tsoro, ba ya daɗewa.

Magani da aiki

Yawancin masu ƙabar tumbi ba sa bukatar wuƙa. Ƙwayar rage tsami, irin su omeprazole, da kiyaye dokokin nan biyar sun isa. Sai in magani ya kasa, ko tumbi ya hau ƙirji da yawa har ana tsoron ya murɗe, sa'an nan a yi aiki. Likita zai jawo tumbi ya mayar da shi mazauninsa, ya ɗinke ƙofar ta tsuke, ya naɗa kan tumbi ya kewaye ƙarshen hanyar abinci kamar rawani, don ruwan tsami ya daina hawa. Wani likita, Rudolf Nissen, shi ya fara wannan aiki a Suwizalan a 1955. Tun 1991 ana iya yinsa ta 'yan ƙananan huji ba tare da an tsaga ciki duka ba.

Bayan aiki sai kunu da koko da abinci mai laushi na 'yan makonni. Kada ka ɗauki buhu ko ka kama garma sai bayan mako 6, ko yadda likita ya ce. Saboda haka in aikin ba na gaggawa ba ne, ka shawarci likita a sa ranar bayan kaka, ka kuma nemi wanda zai yi jinyarka tun da wuri.

Ka karanta wa iyalinka wannan takarda, ka ba maƙwabcinka. Allah ya ba mu lafiya, amin.