Abin Da Ke Kashe Na'urorin Faifai Daga Kiru Zuwa Doguwa

 

Wanda ya bi hanyar nan da ta rabu da titin Zariya a Kwanar Dangora, ta ratsa Tudun Wada, ta keta dajin Falgore har ƙasar Doguwa, in ya tsaya a rumfar mai gyaran rediyo zai tarar da na'urorin DVD an jibge su bisa juna, ƙura ta lulluɓe. Masu su sun kawo, an ce musu sun mutu, suka juya ba su sake waiwaya ba. Alhali kuwa da yawa daga cikinsu ba tsufa ne ya kashe su ba. Abu biyu ne ke gama da su a wannan yanki, watau wuta da ƙura, kuma rabin maganinsu ba ya cin ko kwabo.

Wani zai ce, ina amfanin zancen faifai yau da kowa ya koma kallo a wayar hannu? Lalle gaskiya ne kasuwarsa ta faɗi. Tun daga 1990 da aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano, an yi zamanin kaset, aka yi na CD da DVD, 'yan kasuwa na saro su daga Ƙofar Wambai suna kai wa ƙauyuka, duk wannan ya wuce. Amma a buɗe akwatin magidanci a Bebeji ko Kiru a gani. Akwai tafsirin azumi na malaman da suka rasu, akwai karatun littattafai, akwai walimar saukar ɗa, akwai muryar mahaifi ranar ɗaurin aure, wadda babu ita a ko'ina sai a wannan faifai. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar kaset ɗin bidiyo, ya daina a 2016. Na'urar naɗar DVD ma ta yi wuyar samu. Saboda haka wadda ta rage a gida mabuɗi ce, in ta lalace akwatin ya rufe da abin da ke ciki.

Sai a fara da wuta, don ita ce babba. Hukumar lantarki ta sha sauya suna: ECN ce a da, ta zama NEPA a 1972, ta zama PHCN a 2005, daga 2013 kuma rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun KEDCO. Talaka dai har gobe cewa yake an kawo Nepa, an ɗauke Nepa. Ga madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, har an gina tashar wuta a jikinta, amma da nufin matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titin birni aka yi ta. Wutar ƙauyukan nan daga babban layin ƙasa take zuwa, ta bi dogayen wayoyi, ta sauka a taransifoma ɗaya wadda unguwa guda ta rataya a wuyanta. Ƙa'ida ita ce ta iso gida da ƙarfin bolt 230. Nisan tafiya da yawan masu ja su kan sa ta iso a raunane, ƙwai ya yi ja kamar garwashi, fanka ta riƙa juyi kamar mai jin barci. Masu satar wuta ta bayan mita suna ƙara wa wannan rauni. Su sani cin haƙƙi ne, kuma maƙwabcinsu ne farkon wanda ke biya.

Raunin wuta ya fi cutar da abin da ke da mota a ciki, kamar firji da injin jan ruwa, domin motar ta kan yi ta yunƙuri tana zafi har ta ƙone. Na'urar DVD kuwa, a duba bayanta, galibi an rubuta tana karɓa daga bolt 100 ko 110 zuwa 240, ashe tana da haƙurin rauni. Abin da ba ta jurewa shi ne wuta ta zo da ƙarfi fiye da kima. Wannan ya kan faru a daidai lokacin da aka maido da wuta bayan ɗaukewa. Akwai kuma wanda ya fi shi muni, ya kamata kowane magidanci ya san alamarsa. Wayoyi huɗu ne ke fita daga taransifoma, uku masu wuta, ta huɗu ita ce ma'aikata ke kira nutural, ita ke daidaita rabo tsakanin gidaje. In ta tsinke, ko ta saki, ko ɓarayi suka yanke ta, sai rabon ya karkace: wani gida ya sami kaɗan, wani kuwa wutarsa ta haura har ta doshi bolt 400. Alamar ita ce ƙwai ya yi wani irin fari mai kashe ido a gida ɗaya, na maƙwabci kuwa ya dushe. Wanda ya ga haka kada ya tsaya murnar wuta ta yi kyau. Ya ruga ya kashe babban makunnin gida, sa'an nan ya sanar da maƙwabta da ma'aikatan wuta. Cikin ɗan lokaci kaɗan irin wannan ke cinye talabijin da caja da rediyon unguwa guda.

Dabarar da ba ta cin kuɗi ita ce, da an ɗauke wuta a zare fulogi daga bango. Kashewa da rimot ba ta wadatar ba, don na'urar tana nan haɗe da layi. In an kawo, a bari ta zauna kamar minti biyar, a dubi hasken ƙwai, kana a mayar. Haka kuma in hadari ya haɗo. Ƙasar Doguwa da duwatsun Riruwai sun fi arewacin jihar samun ruwa, tsawa kuwa ta kan bi wayar wuta, ta kan bi wayar eriyar da aka ɗaura a kan dogon gora. A zare su duka biyu tun kafin ruwa ya sauko. Sitabilaiza tana da amfani wajen hawa da saukar wuta na yau da kullum, amma ba ta tare aradu.

A cikin fulogi mai ƙafa uku akwai ɗan fis, wanda aikinsa ya mutu domin waya da na'ura su tsira. Mai amfiya 3 shi ya dace da DVD da rediyo, waɗanda cinsu kaɗan ne ƙwarai. Mai amfiya 13 na dutsen guga ne da hita. Abin takaici, in fis ya ƙone sai a naɗe shi da zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli, a ce an gyara. Wannan kamar a sallami mai gadi ne don ya yi ihun ɓarawo. Haka tsirara wayoyi biyu a cusa cikin soket a danne da tsinken ashana, da kuma tara hita da dutsen guga da talabijin a kan jona guda mai siririyar waya. Jonar da aka taɓa aka ji ta yi zafi, ko ta fara warin roba, ta riga ta ba da sanarwa. Mai ɗaura fulogi kuma ya san launi: ja ko ruwan ƙasa ita ce mai wuta, baƙa ko shuɗiya nutural ce, koriya ko koriya mai ratsin rawaya ta ƙasa ce, ita ke zuwa doguwar ƙafa.

Janareta ƙarami, irin wanda ake zuba wa mai haɗe da baƙin mai, wutarsa ba ta da natsuwa, musamman sa'ad da ake tayar da shi da sa'ad da mai ke ƙarewa yana shaƙewa. A tayar da shi tukuna ya daidaita kafin a jona na'ura, a kuma cire ta kafin a kashe shi. Wannan zancen dukiya ne. Zancen rai kuwa biyu ne. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mai barci bai farka ba, don haka ba a ajiye shi a ɗaki ko zaure ko ƙarƙashin taga, ko da tsoron ɓarawo, ko da ana ruwa. Na biyu, ba a haɗa shi da wayoyin gida sai da makunnin sauya layi, in ba haka ba wutarsa za ta koma kan turke ta sami ma'aikacin da ya hau yana zaton layin a kashe yake. In kuwa wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe makunni, ko a ture wayar da busasshen itace. Kada a ɗura wa sumamme madara ko ruwa, a gaggauta kai shi asibiti. Gobarar lantarki ma ba a watsa mata ruwa sai an yanke wutar, yashi ya fi.

Ƙura kuma lokacinta hunturu. A cikin na'urar akwai wani ɗan ido na gilashi, bai kai ƙwayar wake ba, ta nan jan haske ke fita ya karanta faifai. In ƙura ta hau shi sai na'ura ta yi ta juyi, daga bisani ta rubuta da Turanci cewa babu faifai, ga shi kuwa a ciki. Kafin a ɗauke ta zuwa Kano a gwada faifai biyu ko uku. In ɗaya ne kaɗai ya ƙi, laifin nasa ne: a goge shi da tattausan ƙyalle daga rami zuwa baki, ba a zagaye ba. In duk sun ƙi, ido ne, goge shi kuwa aikin minti kaɗan ne a wurin mai gyara. Wanda ya sami murya babu hoto ya duba waya mai kan rawaya, ita ce ta hoto, ja da fara na murya ne. Hoton da ya fito baƙi da fari ko yana birgima, sau da yawa tsari ne ya saɓa, Nijeriya PAL take bi, na'urar kuwa an bar ta a kan NTSC na Amurka, a cikin saitinta ake mayarwa. Rimot in ya ƙi, a dube shi ta kamarar waya ana danna shi, mai rai zai nuna ɗan haske. Na'urar da ba ta kawo ko fitila ba, a gwada wani soket da wani fis. In ta ƙi, iyakar magidanci ke nan. Kada ya kwance ta, domin akwai abin da ke riƙe wuta a ciki bayan an zare ta, tsohuwar talabijin mai ƙusumbi kuwa ta kan riƙe dubban bolt. Galibi ɗan allon wutar ne ya ƙone, canza shi bai kai kuɗin wata na'ura ba. Hular yadi da za a ɗinka a rufe ta in ba a aiki da ita ta isa ta rage wannan wahala, amma a cire in an kunna, don tana bukatar iska.

Saura mai naɗa. Faifan DVD ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, kimanin awa biyu na hoto mai kyau. Mai alamar R sau ɗaya ake rubuta shi, mai RW ana gogewa a sake. Kukan da aka fi yi shi ne, an naɗi wa'azi, yana yi a gida, an kai gidan aboki ya ƙi. Dalili shi ne ba a rufe faifan ba. Akwai umarnin kammalawa a cikin saitin na'urar da ta naɗa, sai an bi shi sauran na'urori ke iya karantawa, kuma ita ce ta fi cancanta ta yi shi. Duk mai tarin faifan da bai rufe ba ya rufe su tun na'urarsa na da rai. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu ko rufewa faifan ya kan lalace, saboda haka a yi wannan aiki a kan batir da inbata, ko a gidan mai sola.

Faifan da aka naɗa a gida ba kamar na kamfani ba ne. Rubutunsa a kan wani siririn rini yake, rana da zafi suna cin sa a hankali. Ba a barin sa a taga ko gaban mota, ba a tara su tsirara cikin leda suna gogar juna. A sa kowane a gidansa, a jera su a tsaye cikin inuwa, a rubuta sunan malami da shekara a sama da alƙalami mai taushin baki. Wanda ke da muhimmanci a kai shi wurin mai kwamfuta a kwafe a katin waya, a yi kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya a hannun ɗan'uwa a wani gari.