Kofi Ɗaya, Zaman Wuni Guda

A ƙaramin shagon gahawa, babbar hajar mai shago ita ce kujera. Kuɗin garin gahawa da madara kaɗan ne idan aka kwatanta da haya, da wuta, da albashin yaran shago, kuma duk waɗannan daga kujerun za su fito. A ce shago yana da kujeru 12. Mutum huɗu suka shigo da hantsi, kowa ya sayi kofi ɗaya, ya buɗe kwamfutarsa, ya ɗora jakarsa a kujerar da ke gefensa, ya zauna har la'asar. Kujeru takwas ke nan sun tashi daga aiki. Wanda ya leƙo ya ga babu wuri ba zai ce uffan ba, juyawa zai yi, kuma da wuya ya sake dawowa.

Kowace ƙasa da dabarar da ta ɓullo da ita. A Italiya, musamman a wuraren da baƙi ke yawan zuwa kamar Roma da Banis, farashi biyu ne: na wanda ya sha a tsaye a bakin kanta, da na wanda ya zauna a teburi, kuma na zaune ya fi tsada. A Biyena ta ƙasar Ostiriya kuwa, dogon zama shi ne al'adar. Za a kawo maka gahawa da kofin ruwa, ga jaridu, ba mai harararka. Har an sa wannan al'ada cikin jerin kayan gadon ƙasar a 2011. Sai dai shagunan nan manya ne, kuma gahawarsu ba ta da araha. A Mosko, wani shago mai suna Ziferblat da aka buɗe a 2011 ya juya lissafin gaba ɗaya: shayi da biskit kyauta, amma kowane mintin zama da kuɗinsa.

Ko manyan kamfanoni sun gaji. A 2025 reshen Starbucks na Koriya ta Kudu ya hana kwastomomi shigowa da manyan kwamfutocin tebur da na'urar buga takardu, domin wasu sun mai da shagunan ofis. Idan mai dubban rassa ya koka, ina ga mai teburi biyar a lungun unguwa?

Amma korar mutum ma tana da haɗarinta. A Afrilun 2018, 'yan sanda sun kama wasu baƙaƙen fata biyu a wani shagon Starbucks a birnin Filadelfiya na Amurka, suna zaune suna jiran abokin hulɗarsu ba su sayi komai ba. Duniya ta yi ca a kan kamfanin, ya rufe shaguna sama da 8,000 na rabin wuni don horar da ma'aikata, ya kuma ce kowa na iya zama ko bai yi ciniki ba. A Janairun 2025 ya janye wannan izini. Abin da na gani a labarin shi ne, dokar da ba a rubuta ba a kan mai ƙaramin ƙarfi take faɗawa. Gara mai shago ya manna ƙa'idarsa a bango, ta hau kan mai babbar riga da ɗalibi daidai wa daida.

A wajenmu teburin mai shayi ya daɗe da warware wannan ba tare da takarda ba. 'Yan majalisa suna hira har dare, amma da sabon mutum ya iso za ka ji an ce, "A ɗan matsa wa Malam." Benci yana da wannan albarka, kujera ba ta da ita. Sababbin shagunan gahawa na Abuja da Kano kuma suna da ƙarin nauyi, domin da yawan masu shigowa wuta da sanyin na'ura suke nema, gahawar fakewa ce kawai. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kowace awa da janareta ya yi yana ruri daga aljihun mai shago take fita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kunya ba za ta bar shi ya ce wa babban mutum ya tashi ba. Iyakarsa ya turo yaro ya ce, "Yallaɓai, a ƙaro wani abu?" Wannan tambaya ba ta neman sani ba ce.

Mai niyyar dogon zama ya faɗa tun shigowarsa, ya tambayi inda ya dace ya zauna. Idan shi kaɗai ne, kada ya kama teburin mutum huɗu, jakarsa kuma ta sauka ƙasa. Ya riƙa ƙara ciniki bayan awa ɗaya ko biyu, ya bar wa wani soket idan wayarsa ta cika. Kiran waya mai tsawo a waje ake yin sa. In wuri ya cika da azahar, ya ga mutane a tsaye riƙe da faranti, sai ya haɗa kayansa, ya dawo bayan la'asar lokacin da shagon ya yi sauƙi.