Mai Gwajin Jini a Miga: Sana'ar Layi Ɗaya da Layi Biyu

Idan damina ta nutsa a ƙasar Miga, fadamun kogin Haɗeja suka cika, shinkafa ta yi kore shar, to sauro ma kakarsa ta yanke saƙa. Daga Agusta zuwa Oktoba, ƙananan asibitocin Miga da Sansani da Zareku da Hantsu kan cika da mata goye da yara masu zafin jiki. Kafin a kai ga magani kuwa, akwai teburin da kowa zai bi ta gabansa: na mai gwajin jini, wanda ake kira ɗan lab, tsofaffi kuma su ce masa likita.

Kayan aikinsa ba su cika tire ɗaya ba: safar hannu, auduga, sifirit, tsinken huda yatsa, 'yar kwalbar ruwan gwaji, rajista, sai kwalin abin gwajin. Yakan yaga ledar, ya fito da farar roba mai tsawon yatsa, ya rubuta sunan yaro a jikinta. "Inna, riƙe min hannunsa da kyau." Sai ya goge yatsan da ke kusa da ƙaramin, ya jira sifirit ya bushe, ya huda. Jinin da yake bukata bai kai ɗigo guda ba. Ya zuba shi a ƙaramin rami, ya ɗiga ruwan gwaji a ɗaya ramin daidai adadin da kamfani ya rubuta, sannan ya duba agogo. Bayan minti 15 zuwa 20, layi ɗaya na nufin ba a ga maleriya ba, layi biyu na nufin akwai.

Mutane da dama ba su san cewa wannan jan layin zinare ne ba. A cikin robar akwai siririyar takarda, a gindinta an busar da ƙwayoyin zinare masu faɗin nanomita 40 ko kusa da haka. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, ke nan sai an jera irin waɗannan ƙwayoyi wajen 2,000 kafin su kai kaurin gashi guda. Idan zinare ya yi ƙanƙanta haka, ruwan ɗorawarsa kan koma ja, abin da masanin Ingila Michael Faraday ya yi bayaninsa tun 1857. A jikin kowace ƙwaya an manna sinadarin garkuwar jiki wanda abu ɗaya tak yake kamawa. Ruwan gwaji kan ja jinin ya hau takardar kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Idan ƙwayar maleriya ta zubar da sinadarinta mai suna HRP2 a cikin jinin, zinaren zai cafke shi, su tafi tare har wurin da aka shimfiɗa wani tarkon, nan za su taru su yi layi. Ɗaya layin, mai harafin C, shaida ce cewa ruwan ya bi hanyarsa. In bai fito ba, gwajin ya lalace, sai a sake.

A gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta nau'in C, yawanci ba ƙwayar cutar ake nema ba. Sojojin garkuwar da jiki ya ƙera don yaƙarta ake farauta. Shi ya sa ƙwararren ɗan lab ya san cewa wanda ya kamu kwanan nan zai iya nuna layi ɗaya, domin jiki kan ɗauki makonni kafin ya tara su, sai ya ce a dawo a sake. Ya kuma san ba a yanke wa mutum hukuncin ƙanjamau da gwaji ɗaya, sai an tabbatar da wani na daban. Mai ciki da ta zo awo, da saurayi da budurwa masu shirin aure, da ɗan'uwan da ya zo ba da jini, duk ta hannunsa suke bi. A Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da masu haihuwa tun 2008, ledar jinin da za a ƙara wa macen da ta zubar da jini ta dogara ne ga idon wanda ya tantance ta. Shi kuma yakan riga kowa sanin sirrin gida, don haka wanda bakinsa bai da linzami bai dace da teburin nan ba.

Ba a gado sana'ar, karatunta ake yi. Matasan yankin masu son ta kan nufi Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jahun. Ƙaramin ma'aikacin gwaji kan yi shekara uku, mai digiri kuma shekara biyar a jami'a, sannan hukumar MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, ta ba su lasisi. Samfurin da ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti akan tura shi Jahun ko asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse.

Babban abokin gabar wannan aiki zafi ne. Yawancin kwalayen an rubuta kada a aje su inda zafi ya wuce digiri 30 ko 40, alhali ɗakin kwano a watan Afrilu a Jigawa yakan zarce haka. Sinadarin da ke jikin zinaren kan lalace ba tare da robar ta canza kama ba. Mai kula yakan aje kwalinsa ƙasa-ƙasa, nesa da taga, ya duba ranar ƙarewar wa'adi, kuma ba ya yaga leda sai mara lafiya na zaune. Lokaci ma tarko ne: wanda ya karanta da wuri zai iya kuskure layi mai dushi-dushi, wanda ya bari ya wuce lokaci zai iya ganin inuwar da ba ta nufin komai. HRP2 kuma kan zauna a jini makonni bayan an warke, don haka yaron da ya sha magani kwanan baya zai iya nuna layi biyu alhali wani ciwon ne ke cinsa. A nan ne tambaya da madubin likita ke shigowa.

Amma abin da ya fi wahala shi ne faɗar "babu". Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da maganin maleriya, domin ba kowane zazzaɓi ba ne na sauro. Sai dai uwar da ta keto ruwa da laka ba ta son jin layi ɗaya. "Likita, ka dai sake dubawa, jikinsa kamar wuta." Wasu daga nan sai kemis, a haɗa musu allurar maleriya da ta taifot. Gwajin Widal da ake jingina taifot ɗin da shi tun 1896 yake, kuma yakan nuna cuta ga wanda ba ya ɗauke da ita. Ɗan lab na gari ba ya rubuta abin da zai faranta rai. Yakan ce, "Inna, ba maleriya ba ce, amma ba lafiya yake ba. Mu koma wurin likita a duba ƙirjinsa da kunnensa." Yaro mai ciwon huhu ko sanƙarau da aka yi ta ɗirka wa maganin maleriya, kwanakin da za a cece shi ake cinyewa.

Masu bincike na ta ƙoƙarin ƙera irin wannan takarda da za ta auna yawan sinadaran kumburi a jini, har a karanta da kyamarar waya, don a rarrabe zazzaɓin da ke bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanda ba ya bukata. Ranar da ta iso Miga, teburin nan za ta sauka. Don haka abin da ya kamata hukumomin lafiya na Jigawa su tanada tun yanzu a fili yake: ma'aji mai sanyi, kayan gwaji da ba sa yankewa a tsakiyar damina, madubi mai aiki, da ƙarin horo ga ma'aikata. Mu kuma masu kai yara, idan ɗan lab ya ce layi ɗaya ne, mu yarda da shi, mu nemi a ci gaba da bincike.