Ɓarnar Ɓeraye a Tsohuwar Motar da Aka Daɗe da Jinginewa

Tun daga 1975, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, samfurin 404 da 504 suka zama abokan aikin manomi, musamman akori-kura mai jigilar taki da amfanin gona. Da yawa daga cikinsu suna nan a jingine a bayan gida ko kusa da rumbu shekara da shekaru. Masu son tayar da su kan yi tanadin batir da taya da fenti, su manta da babban mai ɓarna, wato ɓera.

Dalilin ɓarnar

Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro muddin yana raye, saboda haka ba ya rabuwa da gwaigwaya. Ga shi kuma ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta kafar da ba ta wuce milimita 6 ba, babba kuwa milimita 12 ta ishe shi. Motar da ba a motsa ta tana ba shi duhu da ɗumi da mafaka daga kyanwa da mujiya. Macen tana haihuwa bayan kimanin mako 3 da ɗaukar ciki, don haka kafin damina ɗaya ta fita motar ta zama gidansu.

Wuraren da ya kamata a duba

Na farko, wayoyin lantarki. Idan ɓera ya cinye robar da ta lulluɓe waya, wayoyi biyu na iya haɗuwa su tayar da gobara da zarar an ɗaura batir. Na biyu, tiyon mai da na ruwa da na birki. Tiyon birki mai rauni yana iya fashewa ana cikin tafiya. Na uku, gidan matatar iska da salansa, inda yake tara dawa da masara da tsumma. Na huɗu, kujeru da rufi, domin da soson ciki yake yin sheƙa. Fitsarinsa kuma yana jawo tsatsa a ƙarfen ƙasan mota.

Kare lafiya kafin fara aiki

Wannan ya fi kome muhimmanci. Ɓeran nan mai yawan nonuwa, wanda ke zirga-zirga tsakanin gona da gida, shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu. Ana kamuwa da ita ta hanyar fitsari da kashin ɓera. Saboda haka kada a share motar da tsintsiya a bushe, domin ƙurar na iya shiga hanci. A tura ta fili, a buɗe ƙofofi da murfin inji, iska ta ratsa na minti 30. A sa safar hannu ta roba da abin rufe hanci, a gauraya bilic kashi 1 da ruwa kashi 9, a jiƙa sheƙa da kashin, a jira minti 5, sannan a kwashe a leda a binne. A wanke hannu da sabulu.

Matakan gyara

Kada a yi gaggawar murza makulli. A fara da tsabtace hanyar iska, domin ƙwayar hatsi ko tsakuwa da inji ya zuƙa tana iya lalata shi. A cire fulogi, a ɗiga ɗan baƙin mai, a juya injin da hannu. A kira mai gyaran wayar mota ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin motocin nan ba su da kwamfuta, tsarin wayarsu mai sauƙi ne. Duk wayar da aka gwaigwaya a sauya ta, kada a wadatu da naɗa mata salatif. Tiyon birki da na mai a sa sababbi, soson kujera mai warin fitsari kuma a zubar da shi.

Rigakafi

Tarko ya fi guba dacewa a nan. A ɗana shi kusa da tayoyi da ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi. Ɓeran da ya ci guba kan mutu a lungun da hannu ba ya kaiwa, kaji da kyanwa kuma na iya cin gubar ko mushen. Kada a taɓa jefa ƙwayar maganin ƙwarin hatsi mai fitar da iskar guba a cikin mota, domin iskar tana kashe mutum.

A ajiye mota nesa da rumbu, a nome ciyawar da ke kewaye, kada a bar ko ƙwayar hatsi a ciki. A toshe bakin salansa da ragar waya, a cire ta kafin a tayar da inji. A riƙa buɗe murfin inji ana dubawa kowane mako. Wannan shawara ta shafi tarakta da injin ban-ruwa da injin sussuka da ake ajiyewa bayan kaka. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.