Kifin losh da gidansa na gilashi

A ƙasarmu, wanda ya kamo kifi tukunya yake nufa da shi, ko kuwa kasuwa. Amma a ƙasashe da yawa akwai mutanen da suke kiwon kifi cikin ɗaki don kallo kawai, kamar yadda waɗansunku suke kiwon tantabara. Sukan samu akwati na gilashi, su shimfiɗa rairayi a ƙasansa, su cika shi da ruwa, su dasa ciyayin ruwa, sannan su saki kifaye a ciki. Wannan akwati shi ake kira akwariyom.

Mutanen ƙasar Sin ne suka fara kiwon jan kifi don ado, yau wajen shekara 1000 ke nan. Su cikin ƙananan tabkuna da manyan tukwane suke sa shi, suna kallonsa daga sama. Akwatin gilashi bai zo ba sai daga baya. A shekarar 1832 wata Bafaransa mai suna Jeanne Villepreux-Power, wadda da fari maɗinkiya ce, ta haɗa irin wannan akwati a tsibirin Sisil don ta ga yadda halittun teku suke rayuwa. A 1850 wani Bature na Ingila, Robert Warington, ya sa jajayen kifaye da ciyawar ruwa da katantanwa cikin mazubi guda. Ya nuna cewa ciyawa tana ba kifi iskar numfashi, katantanwa kuma tana cinye ruɓaɓɓen ganye. A 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko a birnin Landan.

Mene ne losh?

Cikin kifayen da ake kiwo a akwariyom akwai wata zuriya da ake kira losh da faransanci. Ba ta da suna da hausa, don babu ita a ruwayenmu. Ko masuntan kogin Kwara, ko na tabkin Madarunfa, ba wanda ya taɓa ganinta cikin komarsa. Kifin Asiya ne da Turai. A Afirka duka, sai a ƙasar Habasha da ta Maroko ake samun kaɗan daga danginsa.

Losh kifin ƙasan ruwa ne. Bakinsa yana duban ƙasa, kuma yana da gashin baki kamar tarwaɗa. Da wannan gashi yake lalube cikin rairayi, yana shaƙo abinci ko cikin duhu. Irinsa ya fi 1000, amma uku za mu duba.

Na fari shi ne mai ratsi, wanda Turawa suke kira losh ɗan kama saboda launinsa. Asalinsa kogunan Sumatara da Borneyo ne, tsibirai biyu masu yawan ruwan sama a kudu maso gabashin Asiya. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Pieter Bleeker, shi ya fara bayyana shi cikin littafi a 1852. Jikinsa ruwan lemo ne, da baƙin ratsi 3, ɗaya ya bi ta kan ido. Ƙarƙashin kowane ido yana da ƙaya wadda take kwance a ɓoye. In ya tsorata sai ya miƙe ta. Takan sarƙe cikin koma, takan kuma soki yatsa, saboda haka ba a kama shi da hannu. Yana da halaye masu ban dariya. In yana cin abin da yake so, yakan yi ƙara ƙas-ƙas har a ji daga waje. Wani lokaci kuma ya kwanta a gefe guda, shiru, kamar mushe. Mai shi ya zo da gudu zai fid da gawa, sai kifi ya zabura ya yi gaba. Barci yake yi!

Na biyu shi ne kuli. Siriri ne kamar tana, tsawonsa bai cika wuce santimetir 10 ba. Da rana yana ɓoye cikin rairayi ko ƙarƙashin dutse, sai dare ya yi ya fito kiwo. Akwai masu kuli da sukan yi mako biyu ba su sa shi a ido ba.

Na uku shi ne dojo, na ƙasashen Japon, Koriya da Sin, inda ake samunsa cikin gonakin shinkafa, ana kuma miya da shi. In iskar ruwa ta yi ƙaranci, yakan taso sama ya haɗiye iska, hanjinsa ya tsotse ta. Kun tuna gaiwa, wadda take numfashi da huhu? To dabararsu ta yi kama, sai dai shi da hanji yake tasa. In hadari ya kusa, dojo yakan rikice, ya yi ta kai da kawowa, don yana jin canjin nauyin iska tun mutum bai ga girgije ba.

Akwati da lissafinsa

A kanti, losh mai ratsi bai fi ɗan yatsa ba. Nan ne masu saye suke ruɗuwa. Wannan ɗan kifi jariri ne. In ya samu kulawa yakan kai santimetir 20 har zuwa 30, yakan kuma yi shekara 20 ko fiye a duniya. Yaron da ya saye shi yana aji 3, sai ya gama makaranta, ya yi aure, kifi yana nan. Bayan haka ba ya son kaɗaici. A kogi cikin garke yake tafiya, don haka a akwati ma sai a haɗa 5 ko 6. In shi ɗaya ne sai ya ɓuya, launinsa ya koɗe, ya ƙi cin abinci.

Ku ɗauko allo mu yi lissafi. Akwati mai tsawon santimetir 60, faɗi 30, tsayi 30, ruwa nawa zai ci? 60 sau 30 sau 30 ya ba mu 54000. Mu raba da 1000, mun samu litir 54. Wannan ya ishi ƴan kuli 6 da ƙananan kifaye kaɗan. Amma bai ishi losh mai ratsi ba ko kusa. Garkensa, in sun girma, suna bukatar akwati mai tsawon santimetir 180, faɗi 60, tsayi 60. Ku lissafa da kanku: litir 648 ne. Litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Ashe wannan akwati ya fi buhu 6 na gero nauyi, ban da gilashi da rairayi! A ganina, wanda ba shi da wurin ajiye irinsa, ya bar losh mai ratsi a kanti, ya sayi kuli.

Rairayi mai laushi ake shimfiɗawa, a wanke shi sarai tukuna. Tsakuwa mai kaifi tana cinye gashin bakin losh, kuma in gashin ya tafi, kifi ya zama kamar makaho ba sanda. A sa masa wurin ɓuya: fasasshen tulu da aka goge bakinsa, ko guntun tiyo. A rufe akwatin da murfi, don losh gwanin tsere ne, ƴar kafa kaɗan ta ishe shi.

Dafin da ido ba ya gani

Yawancin kifayen da suke mutuwa a sabon akwati, ba yunwa take kashe su ba. Ruwan ne. Ga yadda abin yake. Kifi yana ci, yana kashi, yana kuma fid da wani dafi mai suna amoniyak ta kunnuwan da yake numfashi da su. Sauran abincin da ya ruɓe shi ma amoniyak yake zama. A kogi, ruwa mai gudu yana tafiya da shi. A akwati ba inda zai je. Ruwa yana nan garau kamar na sha, alhali yana ƙona kifi.

Masu ceton kifi waɗansu ƙananan halittu ne da ake kira bakteri, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Ba dukan bakteri ne suke kawo cuta ba. Waɗansu suna cin amoniyak su mai da shi nitirit. Nitirit ma dafi ne, yana hana jini ɗaukar iska. Sai waɗansu kuma su ci nitirit su mai da shi nitirat. Shi nitirat ba ya cutarwa sai ya taru da yawa, kuma taki ne ga ciyayin ruwa.

Waɗannan bakteri suna zaune kan rairayi da cikin matata, wato ɗan injin da yake jan ruwa yana bi da shi ta cikin soso. Amma ba sa cika gida a kwana ɗaya. Sai an yi mako 4 zuwa 6. Don haka mai hankali yakan haɗa akwatinsa, ya kunna matata, ya riƙa jefa ɗan abinci kaɗan cikin ruwa ba tare da kifi ba, har bakteri su yawaita. Sannan ya kawo kifi, biyu-biyu ko uku-uku, ba duka gaba ɗaya ba. Losh kuwa shi ake kawowa daga ƙarshe, don jikinsa ba shi da ɓawo mai kauri, dafi yana saurin kama shi.

Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin 4 na ruwan, a zuba sabo. Ba a canja shi duka. Ba a wanke soso da sabulu, ba a wanke shi da ruwan famfo, sai da ruwan da aka kwaso daga akwatin. Dalili shi ne, ruwan famfo yana da kulor, maganin nan mai warin ruwan jabel. Amfaninsa a gare mu shi ne kashe bakteri, kuma ba ya tambaya ko na kirki ne ko mugaye. Sabon ruwa sai ya kwana ɗaya ko biyu cikin bokiti kulor ya fita, ko a ɗiga masa maganin da ake sayarwa don haka. A rufe bokitin da ƙyalle, kada ya zama gidan sauro.

Zafi, abinci da cuta

Losh mai ratsi yana son ruwa mai ɗumi, daga digiri 25 zuwa 30. A Turai sai an sa masa abin ɗumama ruwa. Wanda zai yi kiwonsa a Yamai ko Tawa, damuwarsa dabam ce. A watan Afirilu da Mayu ruwa yakan wuce digiri 30 ko cikin ɗaki, kuma duk yadda ruwa ya ƙara zafi, iskar numfashin da take cikinsa raguwa take yi. In kun ga kifaye sun taru a sama suna buɗe baki, iska ce ta kasa. Ba a aje akwati inda rana take bugu. In wuta ta ɗauke, matata ta tsaya, sai a riƙa ɗibar ruwa da moɗa ana tsiyaye shi daga sama, a kuma dakata da ba da abinci. Dojo kuwa ruwan sanyi yake so, zafinmu ya fi ƙarfinsa.

Abinci kaɗan ake ba kifi, wanda zai cinye cikin minti 2 ko 3. Na losh ya zama mai nutsewa, in ba haka ba kifayen sama su cinye kafin ya kai gare shi. Yana cin tsutsa da tana da ɗan dafaffen ganye. Mai ratsi yana son katantanwa ƙwarai, yakan zuƙe ta ya bar koɗi. Kuli da magariba ake ba shi nasa.

Cutar da ta fi damun losh mai ratsi ita ce farin ɗigo. Sai a ga jikinsa kamar an barbaɗa masa gishiri, yana gogawa a dutse. Wata ƴar halitta ce take shiga fatarsa, kuma sau da yawa baƙon kifi ne yake kawo ta. Shi ya sa ake tsare sabon kifi a wani akwati dabam, mako 2 zuwa 4, kafin a haɗa shi da ƴan gida. Akwai magani, amma losh ba ya jure shi kamar sauran kifaye, sai an auna da hankali.

Abokan zamansa su zama masu sanyin hali, masu son ruwa irin nasa, masu yawo a tsakiya ko a sama, kamar ƙananan kifayen Asiya da ake kira razbora. Tarwaɗa ba ta zama da kowa: takan kai metir guda, kuma duk abin da ya shiga bakinta abinci ne. Karfasa tana tone ciyayi. Amma kada ku zaci kifayenmu ba su da daraja a wannan sana'a. Akwai wani irin ƙurungu na kogin Kwara da tabkin Cadi wanda yake iyo a rigingine, cikinsa a sama. Akwai kuma wani kifin Kwara mai dogon haɓa kamar hannun giwa, wanda yake gane hanya cikin duhu da ƴar wutar lantarkin da jikinsa yake fitarwa. Su biyun ana kai su har Turai da Amurka, ana saye da kuɗi.

Kifin da ya fi ƙarfin akwati ba a sakinsa a kogi ko tabki. Ana neman mai babban akwati a ba shi. A ƙasar Ostiraliya dojo ya shiga koguna cikin shekarun 1980, ya yaɗu, yana cin abincin kifayen ƙasar, har hukuma ta hana shigo da shi.